Ranar da Kumagai Ya Nemi a Kama Shi

A duk layin kasuwar da ke gangarowa daga tashar jirgin ƙasa ta Atami, babu wanda ya san abin da mutum zai yi idan 'yan sanda sun kama shi kamar Kumagai Tetsuzo, mai sayar da manju. Shi ya faɗa da bakinsa, kuma kullum sai ya maimaita. Ba a taɓa kama shi ba. Ko tsayar da shi a hanya ba a taɓa yi ba, abin da ke ɗan ci masa rai a ɓoye. Iliminsa kakaf daga talabijin ya kwaso shi, daga wasannin 'yan sanda da yake kallo da rana yayin da tururi ke dafa masa manjun, ɗan curin fulawar nan mai zaƙi da jan wake a ciki da baƙi ke saya su kai tsaraba.

Bencin ƙofar shagonsa shi ne ajinsa. Ɗalibansa kuwa duk wanda tsautsayi ya sa ya zauna hutawa.

"Da farko ka ɗinke bakinka," in ji shi, yana kaɗa awartakin ɗaukar manju kamar sandar malami. "Doka ta ba ka damar yin shiru. Ko sunanka kada ka faɗa. Ka ce a kira maka lauyan da ke bakin aiki, zuwansa na farko kyauta ne. Kada ka buga hatiminka a takardar da ba ka karanta ba. In suka kawo maka kwanon shinkafa da soyayyen nama, kada ka taɓa, tarko ne. Loma ɗaya za ka kai ka tuno mahaifiyarka, ka fashe da kuka, ka amsa laifin da ba ka yi ba. Babba a cikinsu kuwa, kada ka kuskura ka ba da haƙuri. Wanda ya ce a yi haƙuri ya ɗaure kansa da kansa."

Toyoko, tsohuwar da ke sayar da busasshen kifi a shagon da ke kallon nasa, ta ɗago daga shanyarta.

"Kumagai-san, wannan na ƙarshen ai ka daɗe da haddace shi. A tambayi matarka."

"Yi ta dariya. Ranar da suka zo da ankwa, ni za ki nema."

"Ranar da suka zo da ankwa, ƙofarka zan nuna musu."

A yi masa adalci, ba duk maganarsa ce shirme ba. Rabinta haka take, kuma wanda aka kama da gaske zai amfana da ita. Abin da Kumagai bai taɓa tsayawa ya koya ba shi ne yadda mutum ke gane an kama shi ko ba a kama shi ba.

To, 'yarsa tilo, Kanae, mai aiki a wani otal da ke kan tudu, sai ga ta da saurayi ɗan sanda, wani yaro mai kunya ana ce masa Mochizuki Shunsuke. Kowa a layin ya san idan ɗan sanda zai yi aure sai ya sanar da manyansa, su kuma su ɗan leƙa gidan amarya su ga ko akwai tabo. Sunan mutum ɗaya na gidan ya shiga fayil ɗin 'yan sanda, maganar aure ta tsaya. Kanae ta jira wannan auren har ta rame. Komai ya kusa kammala, abin da ya rage kawai mahaifiyar Shunsuke ta taso daga Nagano ranar Asabar, a ci abincin rana tare, iyaye su ga juna.

"Baba, abu ɗaya nake roƙonka," in ji Kanae. "Daga yau zuwa Asabar kada ka yi komai."

"Kamar me?"

"Komai. Ka sayar da manju, ka yi numfashi, shi ke nan."

Maganar ta soke shi. Ashe a gidan nan kallon abin kunya ake masa? Shi da ya fi surukin nasa sanin aikin ɗan sanda nesa ba kusa ba? Nan take dabara ta faɗo masa. Duk farar hular da ya kama ɓarawo, 'yan sanda kan ba shi takardar godiya a cikin firam, har a ɗauki hoto. In ya samu irinta ya rataye a bangon shago kafin baƙuwa ta iso, ai sai dai ita ta riƙa roƙon a ba ɗanta mata.

Ya ɗauko ƙwallaye biyu na fenti ruwan lemo da ke ajiye gefen akwatin ciniki, irin waɗanda kowane shago ke da su don a jefi ɓarawo su fashe su shafe shi, fentin da sabulu ba ya ji. Ya goge musu ƙurar shekaru. Ya koma bayan gida yana koyon jifa da lemon zaƙi.

"Baban Kanae, lemon nan na ci ne," in ji matarsa Fusae daga taga.

"Horo nake."

"Ka fasa min tukunyar fure."

"Da ɓarawo ne da yanzu yana kwance."

"In dai ɓarawon ya yarda ya tsaya a kan katanga ya jira ka."

A taron 'yan kasuwar layin na wannan makon an sanar da cewa ranar Asabar da safe 'yan sanda za su yi atisayen kama ɓarawo a shagon mai ganyen shayi: ɗaya daga cikinsu zai yi shigar ɓarawo, ma'aikatan shagon su koyi yin kururuwa da jifa da ƙwallon ruwa. Kumagai yana wurin, a kujerar gaba ma. Sai dai shi ba ya sauraron mutane, jira kawai yake su gama ya karɓa.

Asabar ta zo, ɓarawo bai zo ba. Kumagai ya sanya baƙar kwat ɗin da ya yi aure da ita, wadda maɓallanta ke riƙe da shi da kyar, ya tsaya a ƙofar shago, ƙwallo ɗaya a kowane aljihu, yana bin duk mai wucewa da kallon tuhuma. Har ya fara fid da rai, sai ya ji murya daga ƙasan layi.

"Ɓarawo! Ɓarawo!"

Wani mutum ya fito a guje daga shagon mai shayi, baƙar hula, baƙin tabarau, takunkumi a fuska, jaka a hammata. Maƙwabta suna tsaye hannu a baya suna kallo cikin natsuwa, wani dattijon saje yana duba agogo. Kumagai bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. Firam kawai ya gani da ƙafafu yana tahowa wajensa. Kuma da yake a irin wannan atisayen ƙaramin ɗan sanda ake ɗora wa zama ɓarawo, wanda ke cikin takunkumin ba kowa ba ne illa Shunsuke, da ya ce bari ya gama wannan ya je ya yi wanka ya taro mahaifiyarsa.

Kumagai ya zaro ƙwallo ya ɗaga ƙafa ya wurga da duk ƙarfinsa. Ƙwallon ya bi ta saman kan ɓarawo ya sauka tsakiyar shanyar Toyoko. Kifayen da ta jera tun asuba suka koma kalar lemo, har da rabin labulen shagon.

"Kifina," in ji Toyoko a hankali, kamar mai karɓar gaisuwar mutuwa.

"A bakin aiki nake, ki kai ƙara daga baya."

Ya fizgi kekenta da ke jingine ya haye. Abin da bai sani ba, keken mai batir ne, kuma Toyoko kullum a kan ƙarfi na ƙarshe take barinsa saboda hawan tudu. Taka feda ɗaya ya yi, keken ya zabura da shi kamar an tsikare shi.

Shi kuwa Shunsuke tsarin shi ne ya tsaya a wajen fitilar titi ya cire hula a tafa. Ya waiwayo, ya hango surukinsa a kan keke, ido jajir, da ƙwallon gaske a hannu. Ya tuna abincin rana, ya tuna fentin nan ba ya fita. Sai ya zuba da gudu, wannan karon na gaske.

"Baba, ni ne!"

"Ban haifi ɓarawo ba!"

Suka haura layin, baƙi masu yawon buɗe ido suna darewa da ledojin tsaraba. A bakin tasha akwai kwamin ruwan zafi inda matafiya ke zama su tsoma ƙafa. A cikin masu zaman akwai wata dattijuwa mai kimono ruwan toka, doguwar rigarsu ta gargajiya, ta naɗe shi tsaf zuwa ƙwauri, jakarta a kan cinya. Michiyo ke nan, mahaifiyar Shunsuke, tsohuwar shugabar makarantar firamare, wadda jirginta ya iso da wuri ta ce bari ta huce gajiya.

A nan Kumagai ya cim ma ɓarawonsa. Ya laluba birki bai samu ba, don hannu ɗaya na riƙe da ƙwallo, ɗayan kuma ya manta aikinsa. Keke, mahayi da ɓarawo suka afka cikin kwamin gaba ɗaya, ƙwallon ya fashe a kan kuncin Shunsuke. Ruwa ya tashi, fenti ya fantsama, masu jiƙa ƙafa suka watse ba takalmi. Michiyo kaɗai ba ta motsa ba. Ta dubi hannun kimononta da ya ɗige da ruwan lemo, ta ciro hankici.

Kumagai ya hau bayan ɓarawo ya zauna daram a cikin ruwan, ya ɗaga murya.

"Jama'a, ku shaida. Kumagai Tetsuzo, mai manju, hannun dama in kana gangarawa. Wanda zai ɗauki hoto ya ɗauka yanzu."

Ya fizge takunkumin. Suka kalli juna.

"Barka da rana, Baba," in ji Shunsuke, ruwa na zuba daga hancinsa.

"Ashe kai ne. Da ma na faɗa wa Kanae idonka bai kwanta min ba."

Dattijon sajen, Ogasawara, ya iso yana haki, ya yi bayanin atisaye a gaban kowa. Jama'a suka yi tsit, sannan wani ya kasa riƙewa, dariya ta ɓarke har direbobin tasi.

"Kumagai-san, mu je ofis ka goge jiki mu ɗan yi magana," in ji Saje.

Kumagai ya tsorata. Amma a ƙarƙashin tsoron sai ya ji wani ɗan daɗi na tasowa. Ranar da ya daɗe yana shiri dominta ta zo.

Ofishin 'yan sandan bakin tasha ɗaki ne ɗan ƙarami mai ƙofar gilashi, tebur ɗaya, taswira a bango. Kafin a zaunar da shi rabin layin kasuwa ya taru a waje yana leƙe. Shunsuke ya shige ciki wanke fuska. Dattijuwar nan mai kimono ta biyo su a matsayin wadda abin ya shafa, ta zauna a lungu. Saje ya miƙa wa Kumagai tawul da kofin shayin sha'ir.

"Magana ba ta da tsawo," in ji Saje. "Yaron ya ce shi ba komai, kuskure ne. Saura keken da ka ɗauka ba izini, da kifin mutane, da tufar baiwar nan. Ka faɗi sunanka da adireshinka, ka ba su haƙuri, su yafe, wani daga gida ya zo ya buga hatimi ya tafi da kai. A ɗakin nan za ta mutu. In ba haka ba dole in tura ka babban ofis a buɗe fayil, ka kuwa san abin da fayil zai jawo wa Kanae. To, suna?"

Kumagai ya yi murmushi a ransa. Ya san wannan salon, a fara da taushi da shayi. Ya harɗe hannu ya ɗinke baki.

"Kumagai-san, suna?"

"Ban san wanda kake kira ba."

"Tun ina kurtu nake sayen manju a wajenka."

"Wannan maganarka ce. Kawo shaida."

"Kai da ka shelanta sunanka a bakin tasha har da kwatancen shago?"

"Lokacin ban shiga hannu ba. A kira min lauyan da ke bakin aiki."

"Shi wanda aka kama ake kira wa."

"To ni fa?"

"Kai shayi kake sha."

Kumagai ya ture kofin kamar ya ga kunama a ciki.

"To a kama ni."

"Ba na so."

"Haƙƙina ne, Yallaɓai. Ba za a hana ni lauya da wayo ba. Ga hannu." Ya miƙa hannuwansa biyu a kan tebur.

Saje ya cire tabarau ya murza ido. A waje wani ya ce, "Me ya ce?" Aka amsa masa, "Wai roƙo yake a ɗaure shi."

Ana cikin haka wani mai kai abinci a babur ya turo ƙofa ya ajiye kwano mai murfi a kan tebur. Ƙamshin shinkafa da soyayyen nama da ƙwai ya cika ɗakin. Kumagai ya miƙe tsaye ya juya ga 'yan kallo yana nuna kwanon.

"Ga shi nan. Me na faɗa muku? Ku buɗe ido ku koya. Ba zan ci ba, Yallaɓai, ko za ku kwana kuna roƙona."

"Abincina ne," in ji Saje. Ya jawo kwanon ya raba tsinkaye biyu na cin abinci ya fara ci.

Kumagai ya koma ya zauna. Tun safe bai sa komai a baki ba saboda maɓallan kwat. Cikinsa ya yi wata ƙara da aka ji har waje.

"Shi dai cikin ya fara ba da bayani," in ji Toyoko, wadda ta shigo riƙe da kifi ɗaya ta wutsiya. Ta kwantar da shi a gabansa, fenti har cikin idonsa. "Kumagai-san, ni ba na son fayil, ba na son kotu. Kanae a bayana ta yi wayo. Kalma ɗaya nake so in ji daga bakinka kafin in mutu."

"Ba za ki ji ba. Kifinki ne ya tare hanyar doka."

"Kifin da aka tsaga aka shanya?"

"Kuma keken nan naki ya kamata a bincike shi, ba ya jin magana."

"Ya yi gadon wanda ya hau shi ne."

Da ya ga babu nasa a ɗakin, sai ya juya ga dattijuwar da ke lungu. Baƙuwa ce, ba ta san kowa ba, ita za ta faɗi gaskiya.

"Uwargida, ke da idonki kika gani. Ɗan sanda sukutum, tsoho kamata ya kayar da shi a cikin ruwa. Shi ne wai yake neman 'yata. Ni ban san wace ce ta raine shi ba, amma ko gudu ba ta koya masa ba."

"Na yi iya ƙoƙarina," in ji dattijuwar.

Kumagai yana cikin juya wannan amsar a kansa, Shunsuke ya fito daga ciki. Ya dirje fuskar har ta yi ja, amma rabinta na nan kalar lemo, har cikin kunne. Ya hango lungu ya ƙame.

"Mama. Yaushe kika iso?"

"Daidai lokacin da kuka iso," in ji Michiyo.

Gumi ya karyo wa Kumagai duk da jiƙaƙƙiyar kwat. Ya yanke shawarar cewa yanzu ne ma shiru ya zama dole, ya ƙara harɗe hannu yana kallon taswira.

Fusae ta iso da hatiminta a cikin jaka. Ta dubi mijinta, ta dubi kifin, ta dubi kunnen Shunsuke, ta gaida Michiyo da sunkuyo har ƙasa.

"Uwargida, kin san mutumin nan?" in ji Saje, yana duban Fusae. "In kin tabbatar mana da shi, mu rage aiki."

"Ya sha gaya min in 'yan sanda suka tambaye ni in ce ban san shi ba," in ji Fusae. "Yau ce rana ta farko da zan bi maganarsa da daɗin rai. Ban san shi ba, Yallaɓai."

"Madalla da ke," in ji Kumagai ta gefen baki, cike da alfahari.

"Kada ka yi min magana, ba na hira da baƙin maza."

Saje ya ajiye tsinken cin abinci, ya goge baki, ya jawo wayar tebur. Fuskarsa ta daina wasa.

"Kumagai-san, na yi iya nawa. Mutumin da ya ƙi faɗin suna da inda yake zaune, ba ni da ikon in sake shi ya tafi. Zan kira mota."

Kafin ya danna lamba jama'ar waje suka dare. Kanae ce ta shigo, daga wajen gyaran gashi aka kira ta, sanye da kimono mai furanni da ta daɗe tana ajiya don wannan ranar. Ba ta yi ihu ba. Ta roƙi Saje ya ɗan dakata, ta jawo kujera ta zauna daf da mahaifinta.

"Baba, me na roƙe ka?"

Ya ci gaba da kallon taswira.

"Babu wanda ke son ɗaure ka. Duk mutanen ɗakin nan ƙoƙari suke su kai ka gida, kai kaɗai ke ƙoƙarin kai kanka kurkuku. In aka buga wayar nan, kai za ka dawo bencinka ka samu labarin da za ka yi ta bayarwa har ka tsufa. Ni ce zan biya."

Hawaye ya gangaro ya ɓata mata kwalliyar da aka sha wahalar yi. Ba ta share ba.

Kumagai ya sauke ido daga bango ya dube ta. Duk wasannin da ya kalla, babu wanda aka nuna masa wannan wurin. Ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba tun da aka haife shi, ya ji tausayin yarinyar nan ya cika masa ƙirji. Ya warware hannuwansa.

"Kumagai Tetsuzo," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Mai manju. A saman shagon nake zaune. Ni ne uban wannan."

Saje ya mayar da kan wayar ya rubuta. Fusae ta ce yanzu da ta ƙare masa kallo kamar ta taɓa ganinsa, ta buga hatimi.

Saura haƙuri. Da wani ne da ya sunkuyar da kai a nan ɗakin a wuce wurin. Amma Kumagai bai iya yin abu kaɗan ba. Ya ce tunda a bainar jama'a ya yi laifi, a bainar jama'a zai gyara, kuma zai ba da haƙurin da ba a taɓa ba da irinsa a Atami ba. Ya fito bakin ƙofa, ya sa Toyoko da Michiyo da Shunsuke suka tsaya a gabansa, ya haɗe ƙafafu, ya manne hannuwa a cinya.

"Na yi laifi. Na ɓata kifi, na ɗauki keken da ba nawa ba, na ɓata tufa, na ɓata fuskar yaron kirki, na zagi tarbiyyar da ba ta da aibu. Ku yi haƙuri."

Ya karya jikinsa biyu da ƙarfi har kansa ya kusa taɓa gwiwa. Wani abu ya ce ƙas.

"Na ji, na yafe," in ji Toyoko. "Da ma na ce ba zan mutu ba sai na ji."

"Ni ma ba komai, Baba," in ji Shunsuke.

"Ya isa, Kumagai-san, ɗago," in ji Michiyo.

Bai ɗago ba.

"Na yafe. Kimono ne, ana wankewa."

Yana nan a sunkuye. Jama'a suka fara gyaɗa kai, wata baƙuwa har da share ƙwalla. Murya ta fito daga wajen gwiwoyinsa.

"Auren fa?"

Fusae, da ta san mijinta ciki da bai, ta matso ta sunkuya kusa da kunnensa.

"Bayan ne?"

"Bayan ne. Kada ki faɗa."

Sai dai kunnen Toyoko ba ya tsufa.

"Jama'a, ku daina kuka, ba ladabi ba ne, bayansa ne ya riƙe."

Dariya ta sake tashi, ta fi ta ɗazu. Kanae ta rufe fuska da hannun riga. Michiyo ta jira, irin jiran da take yi wa aji, har wurin ya yi tsit.

"Na sani," in ji ta. "Marigayi mijina ma haka nasa yake yi, na san ƙarar. Amma shi wannan sai da ya sunkuya don kansa sannan bayan ya riƙe." Ta gyara jakarta a hannu. "Aure yana nan. Mu je mu ci abinci, yunwa nake ji."

Haka suka gangaro layin kasuwa. Shunsuke mai rabin fuskar lemo ya riƙe shi ta dama, Kanae ta hagu, shi kuma a tsakiya a karye, yana jan ƙafa, ba ya ganin komai sai takalman mutane. Mutum kuwa in ya ga dattijo da baƙar kwat ya sunkuya masa haka, ba zai wuce a miƙe ba. Mai shayi ya sunkuya. Mai aski ya fito da almakashi a hannu ya sunkuya. Baƙin da suka sauko daga jirgi yanzu, ba su san hawa ba balle sauka, suka ajiye jakunkuna suka sunkuya, layi guda har ƙasa.

"Kanae," in ji Kumagai, "me ya sa ƙafafun mutane ke tsayawa?"

"Rama gaisuwa suke, Baba."

"Su duka?"

Ta matse hannunsa, tana dariya hawaye na zuba.

"Su duka."

"To ku rage sauri."